Likitoci 40,814 sun ce a'a, kafin wata biyar suka sa hannu: nazarin rikicin BMA da minista Bevan

A tsakiyar watan Fabrairun 1948 aka bayyana sakamakon wata ƙuri'ar jin ra'ayi da Ƙungiyar Likitocin Birtaniya, wadda aka fi sani da BMA, ta shirya wa likitocin ƙasar. Tambayar gajeriya ce: kun amince da dokar kafa hukumar kiwon lafiya ta ƙasa yadda take a rubuce? Likita 40,814 suka ce ba su amince ba. Masu amincewa 4,735 ne kacal. A lokacin saura ƙasa da wata biyar ranar da gwamnati ta tsayar don fara aikin hukumar, wato 5 ga Yuli. Duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma a jarida zai ce magana ta ƙare, don ba a taɓa yin asibiti ba likita.

Sai ga shi ranar ta zo an buɗe hukumar, NHS, kuma kusan tara cikin goma na likitocin unguwa, wato masu duba marasa lafiya a wajen asibiti, suna ciki. Ba a kama kowa ba, ba a ƙwace lasisin kowa ba. Ƙungiyar da ta tara waɗannan ƙuri'u ita da bakinta ta ce wa 'ya'yanta su shiga.

Abin da ya faru tsakanin Fabrairu da Yuli shi ne abin nazari a nan, domin da wuya a sami wani lamari da ya fito da cikin ƙungiyar likitoci fili kamar wannan: mene ne aikinta, wa take wa aiki, kuma ina iyakar ƙarfinta.

Ƙungiyar da ake magana

A 1832 wani likita mai suna Charles Hastings ya tara 'yan'uwansa likitoci kimanin 50 a asibitin garin Worcester, suka kafa ƙungiyar likitocin larduna. Manufarsu ta farko ilimi ce, su riƙa musayar abin da suka gani a wurin aiki, tun da manyan Landan ba su cika waiwayar su ba. A 1856 ƙungiyar ta ɗauki sunan BMA. Babbar nasararta ta farko ita ce fafutukar da ta kai ga dokar 1858, wadda ta kafa majalisar rajistar likitoci, GMC, ta raba likita mai takarda da mai cin kasuwa da sunan magani.

Dole a riƙe wannan bambanci, don mutane na yawan cakuɗa su. GMC ita ke riƙe da rajista, ita ke hukunta likitan da ya yi ba daidai ba, kuma doka ce ta kafa ta don kare jama'a. Akwai kuma kwalejojin ƙwararru masu lambar sarauta, na likitocin ciki, na masu fiɗa, da na masu karɓar haihuwa da cututtukan mata. Su ke shirya jarrabawar ƙwarewa, kuma manyan likitocin asibiti ne ke jan ragamarsu. BMA daban take. Ganin dama ke sa likita ya shiga, ya biya kuɗin ƙungiya, a riƙa aiko masa da mujallar BMJ. Tana magana da sunan sana'ar gaba ɗaya, amma a wancan zamani likitocin unguwa ne ƙashin bayanta, su ke cika tarukanta. Ministan lafiya Aneurin Bevan ya gane wannan tun kafin shugabannin ƙungiyar su farga cewa ya gane.

Yadda ake ganin likita kafin 1948

Tun 1911 akwai inshorar lafiya da ministan kuɗi na lokacin, Lloyd George, ya kawo. Ma'aikaci mai ƙaramin albashi ana cire masa kwabo huɗu a mako, mai aiki ya ƙara uku, gwamnati ta ƙara biyu, sai ya zaɓi likita daga jerin sunaye. Ana biyan likitan gwargwadon yawan mutanen da suka rubuta suna a wurinsa. Amma inshorar ta tsaya a kan ma'aikacin shi kaɗai. Matarsa da 'ya'yansa ba sa ciki, kwanciya asibiti ma ba ta ciki. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, uwa sai ta lissafa kuɗin da ke gida kafin ta aika a kira likita.

Ta ɓangaren likitan kuma akwai wata al'ada da sai an fahimce ta za a gane rikicin. Wurin aikin likitan unguwa kadara ce, ana saye ana sayarwa. Ba ginin kaɗai ba, har da marasa lafiyar da suka saba zuwa. Tsohon likita idan zai ajiye aiki sai ya sayar wa sabo, farashin kuma yakan kai kuɗin shigar shekara ɗaya da rabi ko biyu. Saurayin da ya fito makarantar likita, ko ya dawo daga yaƙi, zai ci bashi ya saya, ya shafe shekaru yana biya, yana sa ran idan ya tsufa shi ma ya sayar. Wannan ce fanshonsa, ita ce kuma abin da zai bar wa iyalinsa. Illarta a fili take. Likita na bin inda kuɗi suke, sai ka ga unguwannin masu hali sun cika da likitoci, garuruwan ma'aikatan ma'adinai da masana'antu kuwa ɗan kaɗan.

Abin da ake yawan mantawa shi ne BMA ba ta ce wannan tsari ya yi daidai ba. A 1930 ta fitar da shawarwarinta na faɗaɗa hidimar likita ga al'umma, ta sabunta su a 1938. A 1940 ta kafa kwamitin tsare-tsare, wanda rahotonsa na 1942 ya yi maganar cibiyoyin lafiya inda likitoci za su yi aiki tare. A Disambar wannan shekara rahoton da William Beveridge ya rubuta wa gwamnati kan walwalar jama'a ya fito, yana neman kulawar lafiya ga kowa. Wato ƙungiyar na cikin waɗanda suka fara kiran a gyara. Sai da gyaran ya zo bakin ƙofa, da sunan minista a kai, murya ta sauya.

Bevan da ƙudurinsa

Jam'iyyar Leba ta ci zaɓen Yulin 1945 da gagarumin rinjaye, sabon Firayim Minista Clement Attlee ya ba Aneurin Bevan ma'aikatar lafiya. Shekararsa 47. Ɗan mahaƙin kwal ne daga Tredegar a kudancin Wales, shi kansa ya shiga rami yana ɗan shekara 13, kuma ciwon huhu na ƙurar kwal ne ya kashe mahaifinsa. A garinsu akwai wata ƙungiyar taimakon kai da kai, ma'aikata na zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, ana ɗaukar likitoci su duba kusan kowa a garin. Da wannan ido ya zo. Yana da i'ina, yana kuma da kaifin harshe, kuma likitoci, waɗanda akasarinsu ba 'yan Leba ba ne, sun riga sun ji tsoronsa tun kafin su zauna da shi.

Ya ƙara musu da cewa zai saurari shawararsu amma ba zai yi ciniki da su a kan doka ba kafin majalisa ta gani, don majalisa ce mai yin doka. A Maris 1946 ya fitar da ƙudurin, a ranar 6 ga Nuwamba ya zama doka ga Ingila da Wales, Scotland ta sami tata a 1947. Gwamnati za ta karɓe asibitocin sa-kai da na ƙananan hukumomi, sama da 2,600 a Ingila da Wales, kowa ya sami kulawa ba tare da ya biya a wurin ba.

Abubuwa huɗu suka tsaya wa BMA a wuya. An haramta saye da sayar da wurin aiki, aka ware fam miliyan 66 na diyya. An ce kowane likitan unguwa zai sami ɗan albashin tushe, fam 300 a shekara, sauran kuɗin kuma bisa yawan mutanensa. An kafa kwamitin da zai iya hana sabon likita buɗe aiki a yankin da likitoci suka riga suka yi yawa. Sannan likitan da aka cire daga hukumar, ƙararsa ta ƙarshe gaban minista za ta je, ba gaban kotu ba.

A cikin huɗun nan albashin ne ya fi tayar da ƙura, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta. Dalilin kuwa jam'iyyar Leba ta daɗe da ra'ayin mayar da likitoci cikakkun ma'aikata masu albashi, kuma akwai ƙungiyar likitoci masu ra'ayin gurguzu, da aka kafa a 1930, da ke tura wannan. Likitoci suka ce yau fam 300 ne, gobe minista zai ɗaga albashin ya rage ɗaya kuɗin da sa hannu ɗaya, su wayi gari ma'aikatan gwamnati. Likitan da gwamnati ke biya, in ji su, idan ma'aikaci ya zo neman takardar hutun ciwo, wa zai duba, marar lafiya ko baitulmali?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma a 1946 tana da nauyin da ya fi na yau. A Disambar wannan shekara aka fara shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg, mutanen da suka bi umarnin hukuma suka yi wa bil'adama aika-aika. Sai dai BMA ta ɗauki hujja mai kyau ta yi mata kwalliyar da ta ɓata ta. Alfred Cox, tsohon sakatarenta, ya rubuta a BMJ cewa ƙudurin ya yi masa kama da matakin farko zuwa tsarin 'yan Nazi, kuma zai mayar da minista "Führer" na likitoci, wato laƙabin Hitler. A faɗa wa mutanen da suka gama binne 'ya'yansu a yaƙi da Hitler cewa ganin likita kyauta shi ne hanyar Hitler, ai kunne ba zai ɗauka ba. Kuma duk lokacin da shugabannin ƙungiyar suka hau mumbari suna maganar 'yancin likita da amanar marar lafiya, jama'a na jin ƙarar fam miliyan 66 a bayan maganar.

Mutum biyu ke gaban tafiyar: Guy Dain, likitan unguwa daga Birmingham kuma shugaban majalisar ƙungiyar, da sakatare Charles Hill. Hill ba ƙaramin makami ba ne. Shi ne "likitan rediyo" na BBC, wanda a shekarun yaƙi miliyoyin mutane ke jin muryarsa yana ba da shawara kan abinci da lafiya. A Disambar 1946 suka yi ƙuri'ar farko, kashi 54 cikin 100 suka ce kada ma a zauna da minista.

Inda bango ya tsage

Bevan bai ɓata lokacinsa wajen lallashin Dain ba. Ya nufi kwalejojin ƙwararru, musamman Lord Moran, shugaban kwalejin likitocin ciki, wanda kuma shi ne likitan Churchill. Matsalar manyan likitocin asibiti daban take da ta likitan unguwa. A asibitocin sa-kai ba a biyan su ko kwabo, aikin girmamawa ne, abincinsu na fitowa daga masu kuɗin da suke gani a waje. Saboda haka ƙwararre ba ya iya zama sai a birnin da ke da attajirai. Asibitocin kansu kuma talauci ya ci su.

Sai Bevan ya shimfiɗa musu tabarma. Za a biya su albashi a kan aikin asibiti. Wanda ya so zai iya yin rabin lokaci ya ci gaba da ganin masu biya. Za a bar wasu gadaje a cikin asibitocin gwamnati don marasa lafiyarsu masu biya. Za a ƙara da kyautar ƙwazo a kan albashi, wadda ƙwararrun ne da kansu za su zaɓi masu cin ta, kuma Moran ne ya zo ya shugabanci kwamitin rabon. An ruwaito Bevan daga baya yana cewa ya cusa musu zinariya a baki.

A farkon Janairun 1947, bayan BMA ta ce ba za ta zauna ba, shugabannin kwalejojin uku, Moran da Alfred Webb-Johnson da William Gilliatt, suka rubuta wa minista wasiƙa cikin ladabi suna neman ƙarin bayani. Ya amsa cikin ladabi. Da wasiƙun suka fito, BMA ba ta da yadda za ta yi, ta koma teburi. Likitocin unguwa da yawa ba su yafe wa Moran ba. Dama yana da wani laƙabi a tsakaninsu mai nufin mutum mai murɗiya, sai ya ƙara manne masa.

Daga nan ikirarin BMA na cewa ita ce bakin dukkan likitoci ya sami rauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar ba Bevan ne ya yi ta ba, ya dai gan ta ne. Sana'a ɗaya ce amma hanyar cin abinci biyu, ƙungiya ɗaya kuma ba ta iya yi wa duka biyun ciniki da murya guda.

An shafe shekarar 1947 ana zama ana tashi, a Disamba tattaunawar ta watse. A ranar 9 ga Fabrairun 1948, ana tsakiyar ƙuri'a ta biyu, Bevan ya miƙe a majalisa ya kira shugabannin BMA 'yan tsirarun da siyasa ta sa wa guba, ya ce abin da suke yi ƙazamar maƙarƙashiyar siyasa ce. Zagin bai taimake shi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka alƙaluman nan suka fito, 40,814 da 4,735. Tun kafin ƙuri'ar, ƙungiyar ta gindaya wa kanta sharaɗi: za ta ce a ƙaurace ne kawai idan aƙalla likitocin unguwa 13,000 suka ce ba za su shiga ba. Sama da 17,000 suka ce haka.

Abin da ƙuri'a ba ta auna ba

A nan ne ya kamata a tsaya a duba likita ɗaya, ba ƙungiya ba. Ɗauki mai shekara talatin da 'yan kai, a garin masana'antu, da bashin wurin aiki a kansa. A Fabrairu takardar ƙuri'a ta zo masa ta gidan waya, ya zana a'a, ya mayar. Bai yi asarar komai ba. Ya huce haushinsa, ya ƙarfafa hannun masu yi masa ciniki.

Yanzu bazara ta shigo. Gwamnati ta fara aika wata 'yar takarda gida-gida, tana bayanin cewa daga 5 ga Yuli kowa, mai kuɗi da talaka, namiji da mace da yaro, zai iya amfani da hukumar, kuma ba sadaka ba ce, kowa na biya ta haraji. Ta ce kowa ya zaɓi likitansa tun yanzu, ya cika fom ya kai masa. Sai ga mace ta shigo ɗakin duba marasa lafiya riƙe da fom ɗinta da na 'ya'yanta, mutanen da a da ba sa cikin inshora, tana tambaya: likita, za ka karɓe mu? Idan ya ce yana jiran umarnin ƙungiya, akwai wani likitan a titi na gaba. In wancan ya karɓa, iyalin nan sun tafi ke nan, kuma kowane suna kuɗi ne na shekara-shekara.

Ga wasu igiyoyi biyu kuma. Tsohuwar inshorar 1911 za ta mutu a ranar 5 ga Yuli, don haka kuɗin da yake samu daga can zai tsaya ko ya shiga ko bai shiga ba. Sannan diyyar fam miliyan 66 ta waɗanda sunansu ke cikin jerin hukumar ne a ranar buɗewa. Wanda ya tsaya waje ya rasa rabonsa, kuma wa zai sayi wurin aikin da mutanensa suka watse? Likita mai attajirai a unguwar masu hali zai iya daurewa wata shida. Wannan namu ba zai kai wata biyu ba.

Shugabannin BMA sun san wannan, don an taɓa yi musu. A rikicin dokar 1911 dubban likitoci sun sa hannu a alkawarin ba za su shiga tsarin Lloyd George ba. Da Janairun 1913 ya ƙarato, aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ƙungiyar ta sake su daga alkawarin don kada ta ji kunya fiye da haka. Da yawansu kuma suka tarar kuɗin shigarsu ya ƙaru. Dattawan 1948 sun ga wannan da idonsu suna samari. Shi ya sa suka sa sharaɗin 13,000. Ba rinjaye suke nema ba, suna neman adadin da zai sa kowa ya tabbata maƙwabcinsa ba zai ci amanarsa ba.

Bevan shi ma yana da nasa tsoron. Idan ranar ta zo ba likita, shi zai sha kunya. Moran ya sake shiga tsakani, kwalejinsa ta nemi minista ya kawar da fargabar albashi ta hanyar doka. A ranar 7 ga Afrilu Bevan ya faɗa wa majalisa cewa zai kawo gyaran doka da zai hana kowane minista mayar da likitoci cikakkun masu albashi ta hanyar ƙa'idar ofis, sai dai da sabuwar doka. Fam 300 ɗin kuma ya zama na sababbin shiga na shekara uku, ga saura kuwa ganin dama. A kan sayar da wurin aiki bai motsa ba. Kwamitin hana cunkoso yana nan, ƙara gaban minista ma tana nan.

Aka sake ƙuri'a. Har yanzu masu ƙi sun fi yawa, 25,842 a kan 14,620. Amma likitocin unguwa da suka ce ba za su shiga ba sun sauko zuwa 9,588, ƙasa da sharaɗin da nisa. Masu tsattsauran ra'ayi suka yi ta kumfar baki, suna cewa an sayar da su. A ranar 28 ga Mayu taron wakilan ƙungiyar ya ba da shawarar a shiga. A ranar 5 ga Yuli Bevan ya je asibitin Park da ke Davyhulme kusa da Manchesta, aka ɗauke shi hoto a bakin gadon wata yarinya 'yar shekara 13.

Wa ya ci, wa ya faɗi

An saba ba da labarin nan a matsayin kayen da Bevan ya yi wa likitoci masu son kai. A ganina bai kai haka sauƙi ba.

Abin da BMA ta rasa, ta cancanci rasa shi. Sayar da marasa lafiya kamar kayan gado ba abin karewa ba ne, kuma 'yancin likita ya zauna inda ya ga dama, idan kuɗin jama'a ne zai biya shi, ba ya fin haƙƙin garin da ba shi da likita. Kuskurenta mafi girma shi ne ta zuba waɗannan a ƙwarya ɗaya da batun 'yancin hukuncin likita, ta kira su duka da suna guda. Da ta ware, ta ce wannan maganar aljihunmu ce kuma muna da haƙƙin yin ciniki a kai, wannan kuma maganar amanar marar lafiya ce ba ma sayar da ita, da jama'a sun fi jin ta. Ba laifi ba ne ƙungiya ta nema wa 'ya'yanta abinci, don haka suke biyan ta. Laifin shi ne ɓoye neman a bayan marar lafiya, wanda a wannan karon yana tsaye a layi da fom a hannu, ya riga ya faɗi abin da yake so.

Abin da ta samu kuwa ba kaɗan ba ne. Gyaran dokar da Bevan ya yi alkawari ya fito a 1949. Likitan unguwa a Birtaniya ya zauna ɗan kwangila mai zaman kansa, ba ma'aikacin gwamnati ba, marar lafiya na zaɓen likitansa, likita na da bakin sukar hukumar da yake wa aiki. Har yau akasarin wuraren likitocin unguwa a kan wannan tsari suke, kuma kwamitin BMA ne ke zama da gwamnati a kan kwangilarsu. Ƙungiyar ta shiga rikicin tana ƙin hukumar, ta fito ita ce abokiyar cinikin da hukumar ba ta iya tsallakewa. Charles Hill kansa ya shiga majalisa a 1950 daga mazaɓar Luton, daga baya ya shugabanci BBC. Bevan kuwa ya bar gwamnati a 1951, saboda an sa kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba.

Sai dai nasarar ta zo da kuɗinta, kuma 'ya'yan ƙungiyar ne suka biya. Tun da likitan unguwa ya zaɓi zama mai zaman kansa, ginin da yake aiki, da kayan aiki, da albashin mai taimaka masa, duk daga aljihunsa suke fita. Wanda ya gyara wurinsa ya ɗauki ma'aikaciyar jinya, kuɗinsa ya ragu. Wanda ya tara mutane da yawa a ɗaki ɗaya ba ko wurin wanke hannu na kirki, nasa ya ƙaru. Cibiyoyin lafiyar da rahoton 1942 ya yi mafarki, ƙalilan aka gina. Ƙwararrun asibiti, waɗanda suka karɓi albashin da ake gudu, suka yi gaba da daraja da kayan aiki. A 1950 wani likita ɗan Ostireliya, Joseph Collings, ya zagaya wuraren likitocin unguwa a Ingila ya wallafa abin da ya gani a mujallar Lancet, kuma abin bai yi daɗin karatu ba, musamman game da yankunan masana'antu. Ba BMA ce ta ɗauki gyaran ingancin aikin ba. Wasu likitoci ne suka kafa kwalejin likitocin unguwa a 1952 don wannan.

A 1965 tura ta kai bango. Likitoci na barin ƙasar, matasa na gudun aikin unguwa. BMA ta tattara takardun ajiye aiki marasa kwanan wata daga dubban 'ya'yanta ta riƙe a hannu, kuma a wannan karon barazanar ta yi aiki, domin likitoci sun yi ƙaranci, ba wani na titi na gaba da zai kwashe mutanen. Ta zauna da ministan lafiya Kenneth Robinson, shi ma ɗan Leba, aka fito da sabuwar yarjejeniya a 1966. Gwamnati za ta mayar wa likita kuɗin hayar wurin aiki da kaso mai tsoka na albashin ma'aikatansa, a ba shi rancen gini, a ƙarfafa aikin haɗin gwiwa. A cikin yarjejeniyar har da wani alawus na tushe da ake biyan likita duk shekara, ban da kuɗin yawan mutanensa. Shekara 18 ke nan bayan fam 300 ɗin Bevan, kuma wannan karon sa hannun BMA na kan takardar.